Maɓalli Ɗaya, Ɗakin Hoto Ɗaya: Aikin Da Ya Kamata Samarin Daudawa Su Karɓa

Hoton fasfo ƙaramin abu ne, amma ba a shiga makaranta sai da shi, ba a cike fom ɗin banki ko na ƙungiyar manoma sai an liƙa shi, kuma ɗalibin da zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO sai an ɗora fuskarsa a rajista. Mazaunin Kano ko birnin Katsina ba ya lissafa wannan cikin wahalhalun rayuwa, domin kusan kowace unguwa da mai hotonta. Ga mutumin ƙauyukan da ke kewaye da Daudawa kuwa, da na cikin Sabuwa da Ƙanƙara, hoto guda huɗu na iya cinye wuni guda: kuɗin babur zuwa bakin titi, kuɗin mota zuwa gari, jiran a kawo wuta ko a tayar da janareta, sannan a kamo hanyar gida tun rana na sama, saboda kowa ya san dalilin da ya sa ba a son magariba ta riski mutum a hanyoyin yankin. Ra'ayina shi ne akwai wata 'yar na'ura da za ta rage wannan wahala, ɗakin hoto wanda mutum ke shiga ya danna maɓalli ya ɗauki kansa, kuma bai kamata a jira wani ɗan kasuwa ya shigo da ita daga Sin ba. Masu gyaran waya da kafintocin da ke yankin suna da hannun haɗa ta, kuma makarantun fasaha da cibiyoyin koyon sana'a su ya kamata su mai da ita darasin farko.

Ba sabuwar dabara ba ce. A shekarar 1925 wani mai hoto haifaffen Sibiriya, Anatol Josepho, ya kafa irin wannan ɗaki a titin Broadway na birnin New York a Amurka, ya sa masa suna Photomaton. Mutum ya jefa santi 25, ya zauna bayan labule, cikin 'yan mintuna injin ya miƙo masa hotuna takwas a jere a kan takarda ɗaya. Jama'a suka yi ta layi, har a 1927 ya sayar da haƙƙin na'urar a Amurka kan dala miliyan ɗaya. Wancan inji cike yake da ruwan wanke hoto da ƙarafa masu juyawa, ba mai iya ƙera shi sai babbar masana'anta. Na yau kuwa abubuwa biyar ne kacal: kyamara, tsohuwar kwamfuta ko wayar Android, fitilu biyu, firinta, da maɓalli. Huɗun farko saye ake yi. Na biyar ɗin shi ne wanda ake haɗawa da hannu, kuma shi ne ke mai da tarkacen kayan ofis ya zama na'urar da tsohuwa mai shekara saba'in za ta iya aiki da ita ba tare da kowa ya tsaya a kanta ba. A ajiye mata allon madannai mai maɓallai sama da ɗari, za ta nemi jikanta. A ajiye mata jan maɓalli guda ɗaya mai faɗi a ce "Iya, in kin shirya ki danna nan," an gama.

Abin da ya sa wannan ya yiwu cikin sauƙi yana cikin yadda aka tsara USB tun fitowarsa a 1996. Duk na'urar da aka soka a wannan kafa, ita ce ke gabatar da kanta ga kwamfuta, ta ce ni firinta ce, ko ni ma'ajiyar bayanai ce, ko ni allon madannai ne. Kwamfutar ba ta leƙa ta ga siffar abin. In ya ce shi allon madannai ne, za ta karɓe shi a haka nan take, ba tare da an sauko da wata manhaja daga intanet ba, ko Windows take ɗauke da shi, ko Linux, ko kuwa wayar Android ce da aka haɗa da 'yar wayar OTG. To, maɓallin ɗakin hoto ba komai ba ne illa allon madannai mai maɓalli ɗaya. An danna shi, sai ya aika wa kwamfuta saƙon da dogon madannin tazara ke aikawa, manhajar hoto ta fara ƙirga uku, biyu, ɗaya, ta ɗauka. In waya ce a cikin akwatin, sai a sa ya aika saƙon ƙarin sauti, tunda yawancin manhajojin kyamara na ɗaukar hoto da wannan madanni. Wutar da ke gudana a ciki bolt biyar ce, ba ta jan mutum, don haka ɗalibin aji ɗaya na babbar sakandare zai iya koyo a kanta ba tare da an ji tsoron komai ba.

Hanya mafi arha ba ta ma buƙatar sayen sabon abu. Kowane shagon buga takardu yana da mataccen allon madannai da aka jefar a lungu, wanda sau da yawa maɓallansa ne suka lalace, ƙwaƙwalwarsa na nan lafiya. In an kwance shi za a ga ledoji biyu masu zanen layukan lantarki, ɗaya a kan ɗaya, da wani ɗan ƙaramin allo inda wayar USB ta shiga. Kowane madanni mahaɗar layi biyu ce, ɗaya daga ledar sama, ɗaya daga ta ƙasa. Aikin shi ne a bi layukan madannin da ake so da ido ko da mita har zuwa bakin ɗan allon, a kankare baƙin shafen da ke kan haƙoran biyu, a liƙa musu siraran wayoyi da dalma, a kai su ga maɓalli. Tsohon linzamin kwamfuta ya ma fi sauƙi, domin makunninsa na hagu a fili yake a kan allo, ƙafafunsa na jiran dalma. Shi kansa maɓallin, sharaɗinsa ɗaya ne: ya zama irin wanda ke komawa da kansa in an ɗaga yatsa, ba irin makunnin fitilar ɗaki da ke zama inda aka tura shi ba. Maɓallin ƙararrawar ƙofa zai yi. Maɓallin hon na babur, wanda ba a rasa shi a wurin masu sayar da kayan gyaran babura a Daudawa ko Funtuwa, shi ma zai yi, kuma an ƙera shi ne don ya jure ƙura da ruwan sama. Duk wanda ya taɓa ganin mai gyaran waya yana canza kafar caji, aikin da ya fi wannan laushi nesa ba kusa ba, ya san ba a maganar ƙarancin gwani.

Sai dai wannan hanya tana da aibu, kuma a nan ne darasin ke ƙara daɗi. Kwamfuta an tsara ta ne ta riƙa maimaita harafi muddin yatsa na kan madanni. Yaro ya shiga ɗaki ya danne maɓalli ya ƙi saki, manhajar da ba a tsara ta da kyau ba za ta yi ta ɗauka, firinta ta yi ta zubo takarda, ribar wuni ta tafi. Maganinsa shi ne a sa 'yar ƙwaƙwalwar lantarki wadda mutum zai rubuta wa umarni da kansa. Raspberry Pi Pico, wadda ta fito a watan Janairun 2021 kan dala huɗu, tana yin wannan aiki, haka ma Arduino Leonardo da ƙaramar 'yar'uwarta Pro Micro, masu ɗauke da ƙwaƙwalwar ATmega32U4. Gargaɗi ga mai saye: Arduino Uno, wadda ta fi kowacce suna kuma ita masu shago ke fara miƙowa, ba ta iya gabatar da kanta a matsayin allon madannai kai tsaye, sai an sha wahalar da ba ta da amfani. Umarnin da za a rubuta bai wuce 'yan layuka ba: in an danna, aika saƙo sau ɗaya, kunna fitilar maɓalli, ka toshe kunnenka na daƙiƙa goma, sannan ka sake saurare. A cikin waɗannan layuka ɗalibi zai ci karo da wani abu da ba a gani da ido. Ƙarafa biyun da ke cikin maɓalli ba sa haɗuwa lokaci guda su tsaya, sukan yi tsalle su taɓa juna sau da yawa cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ƙwaƙwalwar kuma saboda saurinta sai ta ƙirga dannawa biyar a inda mutum ya yi ɗaya. Dole a koya mata ta jira kashi ashirin ko hamsin cikin dubu na daƙiƙa kafin ta yarda. Yaron da ya gano wannan da hannunsa, ya kuma gyara, ya fahimci abin da ke cikin injin POS, da mitar wuta, da na'urar da ke kunna famfon ban ruwa. Zanen da'ira a kan allo na zango guda ba zai ba shi wannan ba.

Me ya sa nake dagewa a haɗa a gida, tunda ana sayar da cikakkun ɗakunan hoto a kasuwannin intanet? Saboda waɗancan an ƙera su ne don ɗakunan taron Legas da Dubai, inda wuta ba ta yankewa kuma sabis na nan kullum. Da yawansu hoton ma ta intanet suke aika wa mai shi, wasu manhajojin kuma sai an riƙa biyan kuɗin wata. Mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara ba sa buƙatar a ba su labarin abin da ke faruwa in sabis ya ɗauke. A watan Satumban 2021, cikin matakan yaƙi da 'yan bindiga, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da waɗannan ukun, aka shafe watanni a haka. A watan Oktoban 2024 kuma yawancin jihohin Arewa sun yi kwana da kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Na'urar da za ta rayu a nan ita ce wadda ba ta tambayar intanet, wadda faifan sola ɗaya da batir za su riƙe, wadda in ta tsaya ranar kasuwar Sheme, wanda ya haɗa ta yana nan kusa da ƙarfen dalmarsa. Wannan ne ma ya sa firintar tawada ta fi dacewa da mai amfani da hoda, domin ta biyun tana zuƙar wuta sosai wajen ɗumama kanta. Na'urar da aka sayo a rufe, ranar da ƙurar hunturu ta shiga maɓallinta, sai dai a ɗauke ta zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, in an yi sa'a a samu mai buɗe ta.

Daudawa ta san wannan labari ta wata fuskar. Tun zamanin Turawa aka kafa gonar irin auduga a garin, inda ake yawaita irin da masu bincike suka tace kafin a raba wa manoman Arewa, ana gurzar audugar a Funtuwa, jirgin ƙasa ya kwashe ta zuwa teku, masaƙun Lankasha a Ingila su mai da ita yadi a dawo mana da shi mu saya. Gumi namu, ƙasa tamu, amma sanin injin yana can. Shekara ɗari bayan haka tsarin bai sauya sosai ba, kayan ne suka sauya: muna sayen waya, muna sayen sola, muna sayen injin POS, iyakar iliminmu a kansu shi ne canza abin da ya ƙone da irinsa. Ba na cewa maɓallin hoto zai rushe wannan tsari, wauta ce a faɗi haka, tunda ita kanta Pico ɗin daga waje take zuwa. Abin da nake cewa shi ne akwai tazara tsakanin mai canza kaya da mai tsara yadda kaya za su yi aiki, kuma wannan maɓalli na cikin ƙananan matakan da ake takawa a haye ta.

Mai suka zai ce kowa yanzu da kyamara a aljihunsa, wa zai biya kuɗin shiga akwati? Wayar tana ɗaukar hoto, gaskiya ne, amma ba ta buga shi a takarda, ba ta san girman da fom ke nema ba, kuma hoton da aka ɗauka a tsakar gida da rana tsaka, rabin fuska a inuwa, bango na laka a baya, shi ne wanda ake mayar wa mutum a ce ya sake. Darajar ɗakin tana cikin abubuwan da aka daidaita sau ɗaya aka ɗaure: farin ƙyalle a baya, fitila a dama da hagu don kada inuwa ta faɗo, kujera a tazarar da ba ta canzawa, manhajar da ke yanka hoton daidai milimita 35 da 45 ta jera shi a takarda. Wani kuma zai ce ai NIN da JAMB da katin zaɓe duk a wurin rajista ake ɗaukar fuska, don haka hoton takarda na kan hanyar mutuwa. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma duk mai shiga sana'ar ya sa ta a lissafi. Amma makarantun firamare da na Islamiyya, da ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa, da katin ma'aikata, da takardar shaidar ƙaramar hukuma, ba su daina neman hoto ba, kuma ɗakin da ke bugawa a takarda shi ne dai zai iya tura hoton cikin wayar mai shi ta Bluetooth ba tare da sabis ba.

Inda nake ganin kasuwar ta fi girma ma ba fasfo ba ne, mata ne. A gidaje da yawa na yankin, mace ba ta fita sai da dalili, kuma tsayawa gaban baƙon namiji yana cewa ɗaga kai, gyara mayafi, kalle ni, abu ne da ita da maigidanta ba sa so. A wurin biki abin ya fi haka. Ranar kamu ko wunin sa lalle taron mata ne, an yi kwalliya an saki jiki, sai ga mai hoto namiji a tsakiya, hotunan kuma su kwana a kwamfutarsa, wani lokaci a wayi gari an gan su a Facebook ko TikTok. Akwatin da aka ajiye a ɗaki, ƙanwar amarya na karɓar kuɗi a bakin ƙofa, kowace ta shiga da ƙawayenta ta danna da kanta, ya kawar da wannan matsala daga tushe. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin hoto, da yawa sun halatta na lalura irin na katin shaida, kuma ba aikin wannan shafi ba ne ya yanke tsakaninsu. Amma ko wanda ya fi kowa tsanani zai yarda cewa in dai za a ɗauka, gara a ɗauka babu idon namiji a wurin. Sharaɗin da ba zan yi sassauci a kansa ba shi ne a tsara na'urar ta goge hoto da zarar ta buga, ko a goge shi a gaban mai shi. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora nauyi a kan mai tara bayanan mutane, kuma a yankin da ake satar mutane don kuɗin fansa, kwamfuta cike da fuskokin matan gari da 'ya'yansu ba abin ajiyewa ba ce. Nan ma haɗin gida ya fi, domin wanda ya rubuta umarnin da kansa ya san inda hoton ke zuwa, wanda ya sayo rufaffiyar manhaja kuwa sai dai ya yi fata.

Masu hoto za su ce ana son a kashe musu sana'a. Ban ga haka ba. Akwati ba ya bin ango zuwa ɗaurin aure, ba ya ɗaukar hawan salla, ba ya sanin lokacin da uwar amarya za ta share hawaye. Abin da ya ɗaukaka Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako har hotunansu suka shiga manyan gidajen tarihi na duniya ido ne da iya zama da mutane, kuma babu maɓallin da zai maye wannan. Aikin da akwatin zai karɓa shi ne mai maimaituwa, wanda ke cin lokaci ribarsa kaɗan, kuma mai hoton da ke da wayo shi zai fara mallakarsa, ya ajiye ɗaya a shago, ya ba da hayar ɗaya ga gidan biki. Akwai kuma masu cewa ai ana sayar da ɗan maɓallin Bluetooth na sandar ɗaukar hoto da arha, me ya kawo dalma? Ga mai son ya ɗauki kansa sau biyu a mako, ya isa. A wurin sana'a kuwa batirinsa na mutuwa, yana yin barci ya rabu da wayar, kuma abin da bai kai akwatin ashana ba, ba a ɗaure ba, ba ya kai la'asar a gidan biki.

Suka mafi nauyi ita ce ta wanda zai ce, a ƙasar da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamban 2020, inda manomi ke tsoron gonarsa, wane ne ke da lokacin maɓallin hoto? Ba ni da amsar da za ta rage zafin wannan tambaya, kuma babu na'urar da za ta maye gurbin tsaro. Sai dai a lura da wace makaranta ce aka shiga a daren: ta kimiyya ce, wurin da iyaye talakawa suka kai 'ya'yansu don su koyi irin wannan ilimi. In aka ce sai an gama da 'yan bindiga za a koya wa yaran yankin haɗa lantarki, to an yanke wa wani zubi guda na samari hukuncin zaman jira, alhali rashin abin yi na cikin abin da ke ciyar da fitinar. Wanda gona ta gagare shi ya dawo gari yana buƙatar sana'ar da ake yi a cikin shago, da jari kaɗan.

Wuraren da za a fara suna nan. Akwai kwalejin fasaha ta gwamnati a Funtuwa, akwai ƙauyen koyon sana'o'i na matasa a Katsina, akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman da jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma, ga kuma shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horar da matasa miliyan uku kan fasahar zamani. Yawancin horon da ake yi a irin waɗannan shirye-shirye ya karkata ga aikin da ke buƙatar laftof da intanet mai ƙarfi, wanda yaron Yankara ko Mairuwa zai koya ya rasa inda zai sayar. A ware mako biyu: makon farko a kwance matattun allunan madannai a fitar da maɓalli mai aiki, mako na biyu a koma kan Pico a rubuta umarni, a haɗa kowane rukuni da kafinta ɗaya da zai yi akwatin da kujerar. Kada a auna ɗalibi da takardar jarrabawa. A kai akwatin wata makarantar firamare a Daudawa a makon ɗaukar sababbin ɗalibai, a bar yara ɗari su danna shi ɗaya bayan ɗaya, rukunin da nasu ya kai yamma yana aiki a bar musu kayan su zama jarinsu.